Na ga wuta sa'ad da na suma a asibiti: Jahannama ce aka nuna mini?

Tambaya: Baba Fasto, barka da aiki. Bara na yi hatsarin mota, na kwana uku ban san inda kaina yake ba. A cikin kwanakin nan na ga kaina a wani wuri mai duhu da zafi, ina jin kururuwar mutane, ba hanyar fita. Na kira sunan Yesu, sai na farka a gadon asibiti. Tun daga nan na bar shaye-shaye na koma coci. Wasu 'yan'uwa sun ce Jahannama Allah ya nuna mini, in riƙa zagayawa ina ba da shaida. Likita kuma ya ce aikin allurai ne da buguwar kai. Yanzu tsoron ya fara raguwa, tsofaffin halaye suna leƙowa, kuma zuciyata tana raya mini cewa wurina aka nuna mini, an riga an yanke hukunci. Me Littafi Mai Tsarki ya ce a kan Jahannama? Abin da na gani gaskiya ne? Ina da sauran fata?

Amsa: Ɗan'uwa, barka da arziki, Allah ya ƙara lafiya. Tambayoyi uku ka jero, amma ta ƙarshen ce take hana ka barci, don haka zan taɓa ta kafin mu shiga dogon bayani. Ibraniyawa 9:27 ta tsara abin bi da bi: an ƙaddara wa mutum ya mutu sau ɗaya, bayan haka sai shari'a. Kai suma ka yi, ka farfaɗo, ga ka nan kana rubuto mini. Ba a zauna shari'arka ba, balle a yanke. Ko me ka gani a kwanaki ukun nan, ba takardar hukunci ba ce. Riƙe wannan tukuna, za mu komo kansa.

Abin da yake rikita masu karatu game da Jahannama shi ne, kalmomi daban-daban ne a harsunan asali, mu kuma a bakinmu duk "wuta" ce. A Tsohon Alkawari kalmar Ibrananci ita ce Sheol. Ta zo sama da sau 60, kuma ma'anarta ta fi kusa da abin da muke kira lahira ko kushewa, wato inda matattu suke tafiya, nagari da mugu. Da aka kawo wa Yakubu rigar Yusufu jina-jina, cewa ya yi zai gangara Sheol wurin ɗansa yana makoki, kuma ba mai cewa gidan azaba yake nufi. Sai can wajen ƙarshen Tsohon Alkawari aka rarrabe a fili. Daniyel 12:2 ya ce masu barci cikin ƙurar ƙasa za su farka, waɗansu zuwa rai madawwami, waɗansu zuwa kunya da ƙasƙanci na har abada. Da aka juya Tsohon Alkawari zuwa Helenanci sai aka sa Hades a gurbin Sheol, shi ya sa kake gamuwa da Hades a Sabon Alkawari, kamar a labarin mai arziki da Li'azaru na Luka 16.

Kalmar da Yesu ya fi yin gargaɗi da ita ita ce Gehenna. Sau 12 ta zo a Sabon Alkawari, 11 daga bakinsa, ɗayar a Yakubu 3:6. Sunan wani kwari ne a kudancin Urushalima, Kwarin Hinnom, wanda har gobe yana nan. A nan sarakunan Yahuza, Ahaz da Manassa, suka ƙone 'ya'yansu hadaya ga gumaka. Sarki Yosiya ya zo ya ƙazantar da wurin don kada a kuma, annabi Irmiya kuma ya ce rana tana zuwa da za a kira shi Kwarin Kisa. Kafin zamanin Yesu, Yahudawa sun riga sun ari sunan kwarin sun ba wurin hukuncin ƙarshe. Ita kanta kalmar Jahannama da muka samu ta hanyar Larabci, tushenta wannan suna ne. Af, za ka ji masu wa'azi suna cewa kwarin juji ne da ake ƙona sharar birni dare da rana. Ni ma na daɗe ina faɗin haka a kan mumbari. Amma da aka bi sawun zancen, ba a same shi a rubutun zamanin Yesu ba. Wani malamin Yahudawa mai suna David Kimhi ne ya rubuta shi wajen shekara ta 1200. Na daina faɗa. Tarihin wurin na gaskiya ma ya fi juji muni.

Sai tafkin wuta na Wahayin Yahaya, sura 20, wanda aka kira mutuwa ta biyu. Har mutuwa da Hades an jefa su ciki, wato Hades zaure ne na jira, tafkin shi ne ƙarshe.

Da wane harshe Yesu ya siffanta wurin? Wuta marar mutuwa, tsutsa wadda ba ta mutuwa, baƙin duhu na waje, kuka da cizon haƙora, ƙofar da aka rufe baƙi suna bugawa. Ka lura, in wutar itace ake nufi, ai ba ta haɗuwa da baƙin duhu a ɗaki ɗaya. Shi ya sa manyan malamai, har da John Calvin, suka ce da abubuwan da jiki ya sani aka kwatanta mana abin da baki ba zai iya faɗa ba. Kada ka ji an ce kwatanci ka saki jiki. Ai sai abu ya fi ƙarfin baki ake neman misali. Ainihin abin yana a 2 Tasalonikawa 1:9: hallaka madawwamiya, a ware mutum daga gaban Ubangiji. Katekisim na Katolika na 1992, wato littafin koyarwarsu, ma haka ya ce, babbar azabar Jahannama ita ce rabuwa da Allah har abada, kuma Allah bai ƙaddara wa kowa shiga can ba, mutum ne yake juya baya da gangan har ƙarshe. A 1999 Paparoma John Paul na Biyu ya ƙara da cewa gara a fahimce ta a matsayin halin da mutum ya jefa kansa ciki fiye da wani wuri da za a nuna da yatsa.

Wani abu kuma da ya kamata ka cire daga kanka: Shaiɗan ba sarkin Jahannama ba ne. Babu ayar da ta ba shi gadon mulki a can, ko ta sa aljanu su zama dogarai masu gana wa mutane azaba. Matiyu 25:41 ya ce dominsa da mala'ikunsa aka shirya wutar, Wahayi 20:10 kuma ya nuna an jefa shi ciki yana shan azaba kamar kowane fursuna. Mabuɗan mutuwa da na Hades, in ji Wahayi 1:18, a hannun Yesu suke.

Kiristoci sun yi saɓani a kan yadda hukuncin zai kasance, kuma gara ka ji daga bakina da ka tsince shi a intanet ka ruɗe. Mafi rinjaye, musamman tun daga Agustin, babban malamin ikilisiya wanda ya rasu a 430, sun tsaya a kan azaba ce marar ƙarewa, mutum yana cikin hayyacinsa. Babbar hujjarsu Matiyu 25:46, inda kalma ɗaya ta siffanta rai ta kuma siffanta hukunci: in rai madawwami ba ya ƙarewa, da wane dalili za a ce hukunci madawwami zai ƙare? Katolika, da mabiyan Martin Luther a shaidar bangaskiyarsu ta Augsburg ta 1530, da masu bin ta Westminster ta 1646, duk nan suke. Akwai kuma masu cewa ƙarshen mugu hallaka ce ɗungum, ya sha hukuncinsa ya shuɗe. Su ma ba da ka suke magana ba. Suna nuna Matiyu 10:28, inda Yesu ya ce a ji tsoron wanda yake da ikon hallaka rai da jiki a Gehenna, da Romawa 6:23 da ta ce hakkin zunubi mutuwa ne, suna cewa wuta ai cinye ƙaiƙayi take yi, ba ta adana shi. 'Yan Adventist suna kan wannan, kuma John Stott, babban malamin bishara na Ingila, ya ta da ƙura a 1988 da ya ce can ya karkata. Ra'ayi na uku tsoho ne, tun daga Orijen na Iskandariya a ƙarni na 3 da Giregori na Nissa a ƙarni na 4: wutar ta tsarkakewa ce, a ƙarshe Allah zai sulhunta kome da kansa. An la'anci wannan koyarwa ta Orijen a 543, zamanin sarki Jastiniyan, kuma manyan ikilisiyoyi ba su karɓe ta ba, ko da yake ba ta taɓa rasa masoya ba.

Ni dai ina kan na farkon, kuma ba da fara'a nake koyar da shi ba. Masu na biyu ina ganin girmansu, don Nassi suke karantawa da gaske. Na ukun, da so samu ne da na ɗauka, amma na kasa fitar da shi daga kalmomin Yesu. Abin da ya shafe ka a nan shi ne, a duk tsawon wannan muhawara, manyan malaman ɓangarorin a kan ayoyi suka kafa hujja. Ba su ɗora koyarwar ikilisiya a kan wane ya suma ya gani ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da ka gani. Ana cewa gani ya kori ji. A wannan batu Yesu ya juya maganar. A Luka 16 mai arzikin nan ya roƙi Ibrahim ya aiki Li'azaru wurin 'yan'uwansa biyar ya gargaɗe su. Ibrahim ya ce suna da Musa da annabawa, su saurare su. Ya nace, ya ce in wani daga matattu ya je za su tuba. Amsar ita ce, in ba su saurari Musa da annabawa ba, ko wani ya tashi daga matattu ba za su rinjayu ba. Kuma haka aka yi. Wani Li'azarun, na Betanya, ya kwana huɗu a kabari Yesu ya tashe shi, sai manyan firistoci suka shiga shawarar kashe shi. Ka taɓa lura cewa ba a rubuta mana ko kalma ɗaya ta abin da ya gani a kwana huɗun nan ba? Haka 'yar Yayirus, haka ɗan gwauruwar Nayin. Bulus da aka fyauce zuwa sama ta uku, a 2 Korantiyawa 12 ya ce abin ya faru shekara 14 da suka wuce, bai san ko a cikin jiki ne ko ba a cikin jiki ba, kuma ya ji abubuwan da ba a yarda mutum ya faɗa ba. Manzo guda ke nan, ya ce bai sani ba. Duk wanda ya zo maka da taswirar Jahannama ɗaki-ɗaki, ka auna shi da wannan.

Ba ina cewa Allah ba ya magana ta mafarki ko wahayi ba ne. Da na faɗi haka da na yi wa Littafin ƙarya. A Ayuba 33 Elihu ya ce Allah yakan yi magana cikin mafarki da dare, sa'ad da barci mai nauyi ya kama mutum, ya tsorata shi da gargaɗi domin ya juyo da shi daga aikinsa, ya tsare ransa daga rami. Kai ka ce da kai ake. Amma dubi yadda wahayi yake aiki a Ayyukan Manzanni. Mala'ika ya bayyana ga Karniliyus, bai yi masa wa'azin bishara ba, cewa ya yi ya aika Yafa a kira Bitrus. Shawulu, wato Bulus, ya ga haske a hanyar Dimashƙu ya makance, aka tura shi cikin gari ya jira, sai da Hananiya ya zo. Wahayin ɗan aike ne, yana miƙa mutum ga Maganar da ga jama'ar Allah, sai ya koma gefe.

Labaran zagayen Jahannama kuwa ba yau aka fara ba. Tun ƙarni na 2 akwai wani littafi da aka jingina wa Bitrus, inda ake rataye masu saɓo ta harshensu, kowane zunubi da irin azabarsa. Ya yi farin jini, amma ikilisiya ba ta sa shi cikin Littafi Mai Tsarki ba. Bede, masanin tarihin Ingila, ya rubuta a 731 labarin wani magidanci da ya mutu da dare ya farfaɗo da asuba, ya ce ya ga kwari mai wuta a gefe ɗaya da ƙanƙara a ɗayan. A Fatima ta ƙasar Fotugal, yara uku sun ce an nuna musu Jahannama ranar 13 ga Yuli, 1917. In ka jera irin waɗannan labarai za ka ga kowa da kayan zamaninsa da damuwar cocinsa yake ganin wurin. Na yau sukan dawo da labarin sun ga mata a wuta saboda ɗankunne ko wando, ko wani saboda ya ci zakarsa, ƙa'idodin da babu inda Nassi ya ce su ne mizanin shiga mulkin Allah. Wannan ya fi ɓata mini rai, domin ƙari ne a kan bishara, kuma Bulus ya gaya wa Galatiyawa ko mala'ika daga sama ne ya kawo wata bishara dabam, kada su karɓa. Wasu labaran ma ƙarya ce tsagwaronta. A Amurka wani yaro da ya yi hatsari yana ɗan shekara 6, aka buga littafi a 2010 cewa ya je sama ya dawo, littafin ya yi kasuwa ƙwarai. A farkon 2015 yaron da kansa ya fito ya ce bai mutu ba, bai je sama ba, ya faɗa ne don a kula da shi. Aka janye littafin.

Shi ya sa ikilisiyoyi suke sara suna duban bakin gatari. Ko Katolika da suka amince da Fatima a 1930, koyarwarsu ita ce irin wannan wahayi na mutum ɗaya ba ya cikin ginshiƙan bangaskiya, ba ya ƙara kome a kan abin da aka bayyana cikin Almasihu. Yohanna na Gicciye, ɗan zuhudun Katolika wanda ya rasu a 1591, mutum ne da ya san lamuran ruhu ciki da bai, amma shawararsa ga masu ganin wahayi ita ce kada su neme shi, kada su riƙe shi. In daga Allah ne, amfaninsa ya riga ya shiga rai. Irmiya ya riga shi da cewa mai mafarki ya faɗi mafarkinsa, mai maganar Allah ya faɗe ta da aminci, me ya haɗa ƙaiƙayi da alkama?

Likitanka fa? Kada ka ɗauke shi maƙiyin bangaskiya. Buguwar kai, ƙarancin iska a ƙwaƙwalwa, zazzaɓi mai zafi da magungunan sa barci suna jawo ruɗewa da gane-gane, kuma masu jinya a ɗakin kulawa ta musamman sukan fito da labarin an ɗaure su, ana binsu, ana ƙona su. Ko dannau, wanda mutum yake farkawa ya kasa motsi yana jin an danne masa ƙirji, likitoci sun san yadda yake faruwa. An kuma yi bincike a kan waɗanda suka leƙa bakin mutuwa. Wani likitan zuciya a Holan, Pim van Lommel, ya wallafa a 2001 cewa cikin mutum 344 da zuciyarsu ta tsaya aka farfaɗo da su, 62 ne suka ce sun ga wani abu. Sauran ba su tuna kome ba. Galibin irin waɗannan labarai na haske ne da natsuwa, kuma daga bakin masu addini da marasa addini suke fitowa. Wasu masu bincike, Bruce Greyson da Nancy Evans Bush, sun tattara na masu ban tsoro tun 1992, kuma abin da suka lura da shi ya kamata ya kwantar maka da hankali: ba su ga alamar cewa halin mutum ne yake zaɓa masa abin da zai gani ba. Mutanen kirki sun ga duhu, masu manyan laifuffuka sun ga haske. In da abin da ake gani a suma shi ne hukunci, da sai mu ce Allah yana shari'a da ka.

To wa ya yi gaskiya, likita ko 'yan'uwa? Tambayoyi biyu suke amsawa. Likita yana faɗin ta wace hanya abin ya zo, su kuma suna neman dalilin zuwansa. Guguwar da ta tare Yunusa iska ce da ruwa, matuƙan jirgi sun san irinta, amma Littafin ya ce Ubangiji ne ya aiko ta. Ba zan sa hannu in ce ranka ya fita ya je Jahannama ya dawo ba, Nassi bai ba ni wannan izini ba. Zan iya cewa dai mutumin da yake kashe kansa da kwalba ya shiga duhu, ya kira sunan Yesu, ya farka ya nufi gidan Allah, kuma Shaiɗan ba ya irin wannan aika.

Batun "wurina aka nuna mini" kuma, ba kai ka fara jin haka ba. Teresa ta Avila a Sifen, 'yar zuhudun Katolika, ta rubuta cewa an nuna mata wani matsattsen wuri a Jahannama wanda ta fahimta nata ne saboda zunubanta. Ba ta ɗauke shi hukunci ba. Ta lasafta shi cikin manyan jinƙan da Allah ya yi mata, domin an nuna mata inda aka fisshe ta. Bayan haka ne ta kafa gidan zuhudunta na farko a 1562, ta yi ta aiki har rasuwarta a 1582.

Yanzu ga inda na fi so ka buɗe kunne. Ka ce tsoron yana raguwa, kana jin kamar ceton ne yake tsiyayewa tare da shi. Dole ya ragu. Haka Allah ya yi jikin mutum, ba mai iya zama cikin firgita har abada. Tsoro yana iya ta da mai barci, har majalisar Katolika ta Trent a 1551 ta ce nadamar da tsoron wuta ya haifa baiwa ce daga Allah, amma ita kaɗai ba ta kai mutum gida. Martin Luther shaida ne. A Yuli 1505 tsawa ta faɗi kusa da shi a Stotternheim ta Jamus, ya yi alwashi cikin firgita zai shiga zuhudu, ya kuma shiga. Ya yi azumi, ya yi tsaron dare, ya yi ta furta zunubi har mai sauraronsa ya gaji, bai sami salama ba. Sai da ya zauna da Romawa 1:17 ya gane adalcin Allah da ake faɗa a nan kyauta ce da ake karɓa ta bangaskiya, sannan ya ce ya ji kamar an buɗe masa ƙofar Firdausi. Tsawa ta kai shi gidan zuhudu, aya ce ta kai shi wurin Almasihu. John Newton ma, ɗan Ingila wanda daga baya ya zama fasto, guguwar teku ce ta sa shi kuka ga Allah a 1748, amma ya ci gaba da safarar bayi har 1754, kuma sai 1788 ya fito fili ya rubuta yana la'antar sana'ar. Da kansa ya ce a farkon nan ba za a kira shi cikakken mai bi ba. Ba na kawo shi don ka yi jinkiri ba ne, sai don ka san dare ɗaya na firgita bai taɓa gama gyara mutum ba.

Tuban da tsoro kaɗai ya haifa yakan zama tuban muzuru: ana ɗaga sanda ya sunkuyar da kai, ana ajiyewa ya koma akurki. Bulus ya raba baƙin ciki gida biyu a 2 Korantiyawa 7:10, na ibada mai kai ga tuba da ceto, da na duniya mai kai ga mutuwa. Bitrus da Yahuza Iskariyoti duk sun ci amanar Ubangiji a dare ɗaya, duk sun yi nadama mai zafi. Yahuza ma har ya mayar da kuɗin ya ce ya yi zunubi. Bambancin shi ne inda kowa ya kai nadamarsa. Yahuza ya yanke wa kansa hukunci ya zartar. Bitrus ya yi kuka, ya zauna cikin 'yan'uwa, da ya ji Ubangiji ne a bakin gaɓa ya faɗa ruwa ya nufe shi. Muryar da take ce maka an riga an gama da kai, hanyar Yahuza take nuna maka, ko da da ayoyi ta zo.

Kalmar da muke amfani da ita, fansa, ta faɗi kome. Fansa ai wani ne yake biya a saki wanda aka kama. Kamamme ba ya fansar kansa da yawan kuka. A Markus 10:45 Yesu ya ce ya zo ne ya ba da ransa fansa domin mutane da yawa. Kuma ka dubi abin da ya biya. Daga tsakar rana har ƙarfe uku duhu ya rufe ƙasa, ya yi kira da babbar murya yana tambayar Allah don me ya yashe shi. Duhu da rabuwa, abubuwan nan biyu da muka ce su ne ainihin Jahannama, su ya ɗanɗana a kan gicciye. Duhun da ka gani na kwana uku, ko mene ne shi, akwai wanda ya shiga na gaskiyar a madadinka. Ɓarawon da aka gicciye kusa da shi ba shi da ranar gobe da zai gyara hali, abin da ya ce kawai a tuna da shi, aka ce masa yau zai kasance a Firdausi. Saboda haka Romawa 8:1 ta ce babu sauran hukunci a kan waɗanda suke cikin Almasihu Yesu, shi kansa kuma a Yahaya 6:37 ya ce wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba ko kaɗan. Katolika zai ce maka ka je ka furta a gaban fada, wato firist, ka karɓi gafara, ni zan ce ka dogara ga alkawarin ta bangaskiya ka furta ga Allah da ɗan'uwa amintacce. Muna da saɓani na gaske a nan, amma ba wanda zai ce maka ƙarfin tsoronka ne kuɗin fansar.

In kuma zancen zunubin da ba a gafartawa ne yake cinka, karanta Markus 3 ka ga da wa ake: malaman da suka ga aikin Ruhu Mai Tsarki ƙiri-ƙiri suka ce na Ba'alzabul ne, ba su kuma damu ba. Mai wannan hali ba ya rubuto wa fasto yana tambaya ko yana da sauran fata.

Tsofaffin halayen da suke leƙowa, kada ka yi musu yaƙin ɓoye. Shaye-shaye yana kama jiki, ba zuciya kaɗai ba, don haka ka koma wurin likitan nan ka gaya masa gaskiya, ka kuma gaya masa in abin da ka gani yana dawo maka cikin barci. Wannan sananne ne ga waɗanda suka yi doguwar suma, kuma ana maganinsa. Ka sami dattijo ɗaya a coci wanda zai iya tambayarka ina ka kwana ba ka ji haushi ba. Waɗanda ka cuta a shekarun sha, ka bi su kamar yadda Zakka ya yi, mai kuɗi ka biya shi, mai haƙƙin ban haƙuri ka ba shi. In ka faɗi, ka tashi a ranar, 1 Yahaya 2:1 domin masu bi aka rubuta ta: in wani ya yi zunubi, muna da mai tsaya mana a gaban Uba.

Zagayen ba da shaida kuwa, shawarata ka dakata. Na ga yadda abin yake tafiya. Karo na farko mutum ya ce ya ga duhu ya ji kuka. Karo na goma, da jama'a suka saba, sai duhun ya sami ƙofofi, kukan ya sami sunaye, shi kansa ya kasa rabe abin da ya gani da abin da ya ƙara. Kuma wanda aka ɗora a mumbari wata shida da barin kwalba, ranar da ya yi tuntuɓe kunya ba za ta bar shi ya nemi taimako ba. Mutumin nan na ƙasar Garasinawa da Yesu ya fitar wa aljanu ya roƙa ya bi shi, Yesu ya ce ya tafi gida wurin mutanensa ya gaya musu abin da Ubangiji ya yi masa da yadda ya ji tausayinsa. Ka fara da matarka in kana da ita, da iyayenka, da abokan da kuke sha tare. In an tambaye ka a coci, faɗi iyakar abin da ka rubuto mini, kada ka ƙara ko gishiri, ka ce ba ka san ko a cikin jiki ne ko ba a cikin jiki ba. Ka sake rubuto mini bayan wata uku in ji yadda ake ciki da barcin da kuma kwalbar.